Baba, Ɗanɗana Mana Gishiri

Bana tumatir ya yi arha har ya zubar da mutuncinsa. Ka je kasuwa sayen albasa, mai albasa ya cusa maka tumatir a kwano yana roƙonka ka rabu da shi. Akuyar maƙwabtanmu, wadda na taɓa gani da idona tana tauna takalmin liman, jiya an zuba mata ta shinshina ta juya baya. Ga azumi ya kama. Ɗazu bayan azahar Inna ta turo mini kwando da ƙafa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ke, a yi irin waccan." Ba ta faɗi sunan miyar ba, don a gidanmu ba ta da suna. Da na tsaga fatar tumatir na farko ƙamshinsa ya bugi hancina, sai ga ni a azumin da Baba ya kwanta. Inna ta ce 'yan shekaru ne kawai. Ni a lissafina na tsufa tun lokacin, furfurar ce ba ta samu labari ba.

A Abakpa muke, a gidan da muke har yanzu. Baba kuku ne a gidan wani Bature ma'aikacin gwamnati. Tun da damina ya fara tari, yana ɓoye shi a hannun riga. Da rani ya yi nisa tarin ya ƙi ɓoyuwa, matar Baturen ta ji shi a kan tukunya, aka sallame shi. Ba su yi masa faɗa ba. Sun ba shi gwangwanin madara da wata tsohuwar rigar sanyi. Rigar sanyi, a bakin bazara! Baba ya rataye ta a ƙusa, ya shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar ɗakinsa, ya kwanta.

Azumin shekarar a ƙarshen bazara ya faɗo, lokacin da ya kamata a ce ruwa ya sauka. Bai sauka ba. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har mata su fito da tukwane su jera a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa waɗansu. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa ba takalmi da azahar sai ka yi rawar da ba a koya maka ba. Ƙadangaru ma baki buɗe suke yawo. Kwanon rufin ɗaki yana ƙara shi kaɗai kamar ana jifansa. Rijiyarmu ta janye, guga ya daɗe yana sauka ya dawo da laka da kwaɗo guda, kwaɗon ma a rame.

Abinci ya bi sawun ruwa. Da farko tuwo ne da miya. Daga baya tuwo ya zama kunu. Daga nan kunun ya yi ta tsinkewa har ina iya gyara ɗaurin ɗankwalina a cikinsa. Kwanonin jeren Inna suka fara fita ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin mayafin dillaliya, inda suka tashi ya bar zagayen fari a jikin bango. Inna takan dai matsar da sauran don su rufe gurbin.

Ranakunmu iri ɗaya ne. A sha kunun sahur, a yi sallar asuba, ni in ɗauki tulu in bi layin famfo wajen Unguwar Kanawa, inda mata ke faɗa da ƙaramar murya saboda azumi ya hana su babbar. In dawo Inna na surfe. Ruwan da aka yi alwala da wanda aka wanke kwano ba a zubarwa, a tara a kasko in kai bayan ɗaki. Can Baba yake da 'yan gindin tumatir, irin da ya samo daga lambun Baturen, manya kamar dunƙulen hannu. Duk unguwar nan su kaɗai ne kore, kuma da wuyana suka rayu.

Shekarar ce na fara azumi na gaske, ban sha ko ɗaya ba, kuma na tabbatar duk Abakpa ta sani. Ƙanena Sani bai isa ba. Shi aikinsa ya zauna gaban murhu ya zuba wa tukunya ido, ko da ruwan wanka ne a ciki.

Ana cikin haka Gwaggo Dije, yayar Baba, ta iso daga Rigachikun da ƙunshin saiwoyi, da ɗan abin da ta iya samu na dawa, da bakinta. Tun daga zaure ta fara.

"Ban faɗa ba? Namiji da murhu! Audu, gidanmu kaf wa ya taɓa riƙe ludayi in ba kai ba? Ga shi hayaƙi ya cinye maka ƙirji."

"Sannu da hanya, Yaya," in ji Baba.

Da ta ƙaraso ta ga yadda ya koma, sai bakin ya mutu. Ta zauna gefen tabarmar ta yi ta kwance ƙunshinta tana sake ɗaurewa.

Tarin ba shi ne babbar damuwarmu ba. Baba ya daina cin abinci. Liman ya zo har gida ya gaya masa azumi bai hau kansa ba, ya ci ya sha. Baba ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam." Liman na fita aka kawo kunu, ya ture kwanon da bayan hannu ya ce, "A ba Sani." Haka kullum. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Inna ta durƙusa da kwano har gwiwarta ta yi shaida a ƙasa. Ruwa kawai yake kurɓa, shi ma kamar ana bin sa bashi. Wata rana ina shara kusa da rumfar na ji yana ce wa Inna, "Abin da na ci ba ya zama a jikina. A jikin yaron nan zai zauna. Kar ki ɓata hatsi." Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Hannunsa da ke ɗaga tukunyar ƙarfe da yatsa biyu ya koma kamar sillen kara. Ko sunana ya daina kira. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Uwani, shi kuma Uwata. Da can in na yi ɓarna, wato kullum, muryarsa har bakin titi. Yanzu ko tulu na fasa sai dai ya lumshe ido. Na gwada, don in tabbatar. Tsohon tulu ne, dama ya tsage.

Tumatirin nan suka nuna gaba ɗaya. Gwaggo ta ce a yanka a shanya a yi kauɗa kafin rana ta dafa su a jikin uwarsu. Ni kuwa na taɓa raka Baba wurin aiki sau ɗaya, na leƙa ta taga na ga yana yin wata miyar tumatir da madara, wadda Turawa ke sha da cokali, ba tuwo ba komai. Sai na miƙe na ce na iya ta, kuma ita zan yi wa Baba.

"Miya da madara?" in ji Gwaggo. "Kuma a sha ta tsura? Wannan ai abincin mahaukata ne."

Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ta ce, "Bar ta, Yaya. Me ya rage ba mu gwada ba?" Ta ɗauko gwangwanin madarar nan da take ɓoyo a ƙarƙashin gado ta miƙo mini.

Na yi abin da na ga ana yi a kowace miya. Na jajjaga tumatir a turmi da fatarsa da 'ya'yansa, na zuba a tukunya, na hura wuta kamar zan narka ƙarfe. Na juya neman ludayi, Gwaggo ta jefa daddawa da barkono, wai don ta taimaki abin. Yana tsakiyar tafasa na huda gwangwanin na juye madarar duka. Nan take ta tsinke. Ruwa ja a gefe, farin gudaji-gudaji na yawo a sama kamar abin da jariri ya mayar. Gindin tukunyar ya kama, ƙauri ya tashi. Sani da kansa ya ja da baya.

Sai muka ji murya daga rumfa.

"Wa ke kashe tumatir a gidan nan?"

Duk muka waiwaya. Baba ne, ya dogara da gwiwar hannu, idonsa a buɗe tar, ransa a ɓace. Rabon da mu ji muryarsa haka har na manta.

"Uwata, ke ce? Madara a cikin tafasa? Wa ya koya miki wannan ta'asa? Kuma warin daddawa nake ji. Yaya!"

"Ni me na sani," in ji Gwaggo, tana goge hannu a zani.

"Gobe ki kawo murhun nan gabana. In za a ɓata tumatirina, a ɓata shi ina kallo."

Tari ya kama shi ya koma ya kwanta. Amma ya yi faɗa. Inna tana kwashe ɓarnar tana murmushi, hawaye na ɗiga a tukunyar. Da aka sha ruwa mu muka shanye abin, don ba a zubar da komai a shekarar. Har yau in na tuna sai harshena ya nemi wurin ɓuya.

Matsalar ita ce madara ta ƙare. A bazara shanu ba su da nono, yawancin Fulani ma sun yi kudu. Washegari bayan asuba muka nemi Gwaggo muka rasa. Sai da rana ta take ta shigo, leɓenta a bushe fari fat, ƙafarta duk ƙura, da 'yar ƙwaryar madara a rufe da faifai. Ta je har wata ruga can bayan gari, da azumi a bakinta. Mayafinta mai kyau bai dawo tare da ita ba, ba wanda ya tambaya.

"Ga shi nan," ta ce. "A yi haukan da shi."

Na kafa duwatsun murhu a gaban rumfa. Baba na kwance yana ba da umarni da yatsa. Aka tafasa ruwa, na tsaga kan kowane tumatir na tsoma shi kaɗan, na tsamo na jefa a ruwan tulu, fatar ta saɓule kamar riga. Ya sa na yanka albasa ƙanana, na zuba a ɗan man shanun da Inna ke ajiyewa don magani.

"Rage wutar. Albasa laushi za ta yi, in ta yi ja kin gama da ni."

Na zuba tumatirin, ya dahu a hankali har ya narke. Ya sa na tace a rariya ina dannawa da bayan ludayi, 'ya'yan suka tsaya a sama, abin da ya sauka sumul kamar an goge shi. Sannan ya ce a jiƙa kanwa 'yar mitsitsiya a ɗiga. Ta yi kumfa ta kwanta.

"Kanwa?" Gwaggo ta matso. "Turawan ma da kanwa suke yi?"

"Su ba su sani ba. Ita ke kashe tsamin, shi ya sa madarata ba ta taɓa tsinkewa ba."

Madarar kuwa tun ɗazu an dafa ta an ajiye, mainta ya taso ya kwanta a sama. Ya ce kar in kwashe, shi ne ranta. Ya sa na sauke tukunya ta huce, na riƙa zuba tumatirin cikin madarar kaɗan-kaɗan ina juyawa. Jan ya yi ta sanyi har ya koma kalar sama bayan faɗuwar rana. Ƙamshin ya cika gidan. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata an ji a masallaci.

"Saura gishiri," in ji Baba. "Sa, ki ɗanɗana."

"Baba, azumi nake."

"Innarki fa?"

"Ita ma. Gwaggo ma."

"A ba Sani."

"Baba, Sani fa? Shekaranjiya ya lashi sabulu ya ce a ƙaro."

Baba ya yi tsaki. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. "Miƙo cokalina."

Na ɗebo na kai masa baki. Ya kurɓa, ya juya a harshe, ya haɗiye. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Bai ji ba. Ƙara."

Na kai hannu kwanon gishiri, a nan ne dabara ta faɗo mini. Na ɗauki ƙwaya biyu, wallahi da za a ƙirga ba su fi haka ba, na yarfa da ƙarfi kamar na zuba tiya guda. Na juya, na cika cokali.

"Har yanzu. Hannunki ciwo yake?"

"Tsoro nake kar ya yi yawa, Baba."

Na ƙara ƙwaya. Ya ɗanɗana. Na ce ko kanwar ta fito? Ya ɗanɗana. Gwaggo ta gane inda aka dosa, ta gyara zama ta ce ita fa ko daga nan ta san abin nan salam yake, sai an sa daddawa. Baba ya harzuƙa ya karɓi cokalin da kansa ya sha biyu a jere don ya tabbatar mata ƙarya take. Kafin a ce gishiri ya ji, miyar ta sauka da faɗin yatsa biyu a jikin ƙwaryar. Ya koma ya kwanta yana haki, ya ce sauran a ba Sani. Ranar ko Sani sai da aka ce masa bismilla sau biyu, don shi ma ya tsaya kallo.

Haka muka yi ta yi. Kullum Gwaggo ta tafi ruga, ni in tsinko tumatir kaɗan don su kai mu, la'asar ta yi a kafa murhu. Na zama yarinyar da ta fi kowa daƙiƙanci a ƙasar Kaduna. Jiya an koya mini gishiri, yau na manta. Wata rana na ce ya yi yawa, na ƙara ruwa, aka koma farko. Inna takan ajiye kwanon gishirin can cikin ɗaki, don kafin in je in dawo Gwaggo ta sa ya sake ɗanɗanawa. Baba yana faɗa, yana cewa bai taɓa ganin kai irin nawa ba, yana buɗe baki. In an ce masa ci, ba zai ci ba. In an ce ɗanɗana, sai ya miƙo wuya.

Har ya fara zama da kansa ya jingina da bango. Wata la'asar ya yi wa Gwaggo tsiya a kan mayafinta, ya ce ko shanun ne suka cinye. Muka yi dariya har Inna. Ni a raina na gama warkar da shi, har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a layin famfo.

A goman ƙarshe ruwan ya sauka. Da rana tsaka gari ya yi duhu, iska ta ɗauke faifan Inna ta kai gidan maƙwabta, sai ga shi kamar ana juye tulu. Yara suka fito tsirara suna ihu, mata na tarar ruwa suna hamdala, ƙamshin ƙasa ya tashi har yana sa mai azumi haɗiyar yawu. Ni ma na yi tsalle a ciki. Ya kwana yana yi, ya ƙara washegari.

Da na zagaya bayan ɗaki, gindin tumatirin duk sun kwanta a laka. Waɗanda suka nuna sun fashe, ɗanyun sun yi baƙin tabo. Na tsince abin da ya tsintu, ya yi mana miyar yini biyu, ta biyun ma rabin ƙwarya. Na zaga kasuwa rumfa-rumfa. Masu lambu sun ce rafi ya cika ya shanye fadama, sai kuma wata shekara. Kauɗa kawai ake samu. Na jiƙa kauɗar na yi duk yadda ya koya mini. Tun kafin cokalin ya iso ya kau da kai.

"Wannan ba tawa ba ce."

Sanyin ruwan ya shiga ƙirjinsa. Aka sauko da rigar Baturen daga ƙusa aka sa masa, ta yi masa yawa kamar an rataya ta a sanda. Ya koma cikin ɗaki. Na dama kunun tsamiya na shiga na durƙusa.

"Baba, ɗanɗana mana, ko tsamiyar ta yi yawa."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya ɗan yi murmushi. "Kunu fannin Innarki ne, Uwata. Ni ban san shi ba."

"To gishirin..."

"Ba a sa wa kunu gishiri. Ajiye, matso in gaya miki."

Na matsa. Muryar sai na sa kunne.

"Miyar nan, in ƙwarya ɗaya ce, abin da yatsu uku suka ɗauka. Sau ɗaya. Ba sai an ɗanɗana ba." Ya huta. "Shekara nawa ina dafa wa Turawan nan ita da azumi a bakina? Wa ya taɓa ɗanɗana mini?"

Ya ɗora hannunsa a kaina, ba nauyi ko kaɗan.

"Kai wa Sani kunun tun da zafinsa."

Bai ga watan Sallah ba. Ranar da aka kai shi makwanci, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa suka ce ba su sha wuya ba. Bayan an share makoki Gwaggo ta koma Rigachikun da ƙunshin saiwoyinta, ba ta taɓa jiƙa wa kowa ko ɗaya ba.

Yanzu Inna na sayar da ƙosai a ƙofar gida, tuwonmu ya koma tuwo, rijiya da ruwa. Ɗazu na saɓule fatar tumatirin, na tace a rariyar nan dai, na ɗiga kanwa, na bar tukunya ta huce kafin ta sadu da madara. Ba ta tsinke ba. Da na zo kan gishiri na sa hannu a kwanon, yatsu biyu suka ɗauko, na ukun ya ƙi lanƙwasuwa. Kullum haka yake yi.

Aka kira magariba. Sani, wanda yanzu yake azumi kuma yake ganin ya zama mai gida, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Yaya Uwani, ke har yanzu ba ki iya sa gishiri ba? Inna, ɗanɗana ki ji."

Kwanon gishirin na kusa da gwiwar Inna. Ta ɗauke shi ta mayar bayanta.

"Sha haka," ta ce.